Totuwa a Tiyon Motar Maikasuwa

Tun da Maikasuwa, Bafillacen Kazaure, ya sayo motar nan mai ɗaki da gado a ciki, abu ɗaya ke hana shi sakat: duk inda ya tsaya sai tiyon na'urar sanyi ya yi ta ɗiga, 'yan kasuwa suna cewa motar Alhaji ta yi fitsari. Sai ya samo totuwar masara ya toshe bakin tiyon. Ran Juma'a yana kishingiɗe a gadon, direba na sharara gudu zuwa Babura inda zai karɓa wa ɗan ƙanensa aure, ruwan da ya taru ya ɓalle ta rufi, ya wanke shi tun daga hula har aljihun shadda. A haka ya sauka a shagon Zarami, Babarbare mai gyaran firji.

"Lafiya lau, bawana," in ji Zarami. "Af! A wane rafi shanun suka tura ka?"

"Rufe min baki, mai tsage. Duba motar nan, an yi mata jifa."

Zarami ya durƙusa ya zaro totuwar, ruwa ya tsiyayo shaa.

"Ga jifan. Wa ya cusa wannan?"

"Yoyo take yi, na yi maganinsa."

"Yoyo! Laimar ɗakin ce na'urar ke tatsa ta zubar waje. Kai da ka gaji tatsa, ka taɓa toshe hantsar saniya?"

"Mu ba ma barin abu ya zube a ƙasa. Ba irinku ba ne, da kuka ƙafar da tafki guda kuka taho cin arzikinmu."

"Rowa dai! Ruwan banza ma an sa masa mari. Garin gyaran gira ka rasa ido. Ka tara bokiti a ƙasa mana, ko tumakinka sa sha."

Maikasuwa ya matse hannun riga. "Zarami, an kusa kiran salla. Da wace rigar zan tsaya gaban surukai?"

Zarami ya shiga ciki ya fito da babbar riga gogaggiya da hular zanna, ya riƙe su a bayansa.

"Wane ne ubangida?"

"Hular Barebari a kaina? Gara in je da ɗankwali!"

"To, je ka a jiƙe."

Maikasuwa ya dubi agogo, ya fashe da dariya. "Yau dai kai ne, ranka ya daɗe."

Zarami ya miƙa masa kayan, ya ɗora totuwar a kansu.

"Tafi da wannan ma, ka sa a bakinka har a shafa fatiha. Yoyon da ya kamata ka toshe ke nan tun farko."