Ƙurar Shugaba Tana Cikin Mayafina

Shugaban gidan bincike, ranka ya daɗe, mai babbar kujera da ƙaramar kunya, kai ka nakasa mini ɗa. Kada ka waiwaya, da kai nake. Na san ba kai ka taka masa gwiwa a fili ba, wani ƙaton ɗan wasa ne, shi kuwa har gida ya zo ya durƙusa ya ba da haƙuri. Amma kai ne ka karɓi gwiwar da ta kumbura suntum ka mayar da ita abin kallo.

Jama'a, bari in faro muku daga tushe, kada ku ce tsohuwa ta tashi da masifa ba dalili. Ɗana gola ne, Katanga abokansa ke ce masa. Da ƙwallon nan yake riƙe da ni da matarsa, ga ta da tsohon ciki. Da ya ji rauni, kocinsu ya tura mu wani gidan bincike da ke neman 'yan wasa masu ciwon gwiwa. Bai kuma ɓoye masa ba: in aka fara kakar wasa bai miƙe ba, akwai mai jiran ragar.

Muka je. Gini tubarkalla, ƙasa tana ƙyalli har mutum ya ga haƙoransa. A ƙofar farko muka sami wani likita da igiyar awo irin ta tela a wuya. Ya auna gwiwar, ya ɗauki hotonta, ya ce mu dawo wani mako. Muka dawo, kumburi ya ƙaru. Wallahi sai na ga fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir.

Na ce, "Likita, maganin fa?"

Ya ce, "Ai Inna, ɗanki yana rukunin kwatance."

"Rukunin me?"

Sai ya yi mini bayani a hankali, irin yadda ake yi wa kurma. Wai raba su biyu aka yi. Rabi ana gasa musu gwiwa da na'ura, ana koya musu motsa jiki. Rabi kuma a bar su yadda suke, don a ga bambanci.

Na ce, "Wa ya yi rabon?"

"Kwamfuta ce ta yi ƙuri'a."

"To a kira mini ita."

Ya yi dariya. "Inna, in babu irin ɗanki, ta yaya za mu san maganin yana aiki? Gwiwar nan tana da muhimmanci ƙwarai. Kada ma a shafa mata ko man zafi, za a ɓata mana sakamako."

Shi kuma sakaran nawa ya bi, don an ce ana gama bincike su za a fara yi wa magani. Yaushe za a gama? Sai Shugaba ya sa hannu. Ina Shugaba? Yana taro. Ko yaushe ka je yana taro, bawan Allah, ko gajiya ba ya yi.

Maƙwabciyata mai kitso, wadda mijinta direba ne a gidan binciken, ita ta ce mini, "Ke Innar Katanga, kina ta kashe takalminki a banza. Mutumin nan ba ya fitowa sai an yi manyan baƙi. Gobe ma akwai wasu."

Na ce, "Ashe gobe ni ma baƙuwa ce."

Ta ce, "Ki dai rufa wa mijina asiri."

Washegari na yafa mayafina na fita unguwa, na tsaya a bakin ƙofa. Motoci suka zo, manya suka firfito da tumbinsu, na bi sahu. Ba wanda ya tambaye ni, kowa ya ɗauka uwar wani ce a cikinsu. Har wani mai gadi yana cewa, "Hajiya, a hankali, akwai matakala."

Aka kai mu ƙofa ta biyu. Ɗaki fari fat, sanyi kamar cikin firij, aka sa wa kowa leda a takalmi. Shugaba ya tsaya yana jawabi, ya ba tebur baya, baƙi duk sun zuba masa ido. Ni kuwa idona ya sauka a kan wani ɗan gilashi a teburin, bai fi faɗin farcen babban yatsa ba, an kife shi da murfi. Na ga wani dusu-dusu a kansa. Ni fa ban iya ganin datti a gaban baƙi ba, ko a gidan maƙiyina ne. Na ɗaga murfin, na goge shi tas da bakin mayafina, na mayar.

Sai Shugaba ya juyo ya nuna gilashin. Wai a kansa akwai wata ƙura da suka yi shekaru suna haɗawa, mai ƙanƙantar da silin gashi a kusa da ita gungume ne. Wai in aka zuba ta a cikin aikin da ke tafiyar hawainiya, nan da nan sai ya yi sauri, ita kuma ko ragewa ba ta yi.

Manya suka sunkuya ɗaya bayan ɗaya. Na farko ya ce, "Ikon Allah, ga ta kuwa!" Na biyu ya gyara tabarau ya ce shi har ƙyallinta yake gani. Aka yi tafi. Ni ma na tafa, don ban taɓa ganin mutane masu kaifin ido irin waɗannan ba.

Na ɗaga murya na ce, "Ranka ya daɗe, abin nan da ke sa aiki sauri, ba za a ɗan barbaɗa a ofishinka ba? Akwai gwiwar da ke jiran hannunka."

Kafin ya amsa, wata siririyar yarinya mai farar riga, wadda ita ce ta yi aikin, ta ɗauki gilashin ta sa a na'ura don a nuna wa baƙi a allo. Allo ya fito wayam. Ta dubi gilashi, ta dubi mayafina, ta ɗora hannu a ka. Ita kaɗai na tausaya wa a ɗakin nan, don ita kaɗai ta san babu komai a wurin. Wanda ya ga ƙyalli kuwa sai ya shiga duba wayarsa.

Masu gadi suka riƙe ni, har da mai ce mini Hajiya, suna cewa tsohuwar ba ta da lafiya. Suka kai ni ƙofa ta uku, inda lauyoyi ke binciken dokar masu taɓin hankali. Ban taɓa ganin an yi murna da zuwana irin ta ranar ba. Ashe sun daɗe suna rubutu a kan wa ke da ikon tsare mutum in an ce kansa ya taɓu, amma ba su taɓa zama da ko mutum ɗaya ba. Har shayi aka kawo mini.

Babbarsu ta ce, "Inna, kin san yau wace rana ce?"

"Ranar da za ku gyara gwiwar ɗana."

"Kina jin muryoyi?"

"Ina ji, 'yar nan. Ina jin nishinsa duk lokacin da zai tashi daga tabarma."

Suka dubi juna. Wannan ya ce likita ne zai yanke hukunci a kaina, wancan ya ce alƙali, babbar ta ce sai dangi sun zo. Na ce dangin nawa ba ya iya hawa matakalarku. Suka yi ta musu har shayin ya huce. Na ce a raina, Allah ya ji ƙan masu ciwon gaske, in haka ake tsayawa a kansu. Daga ƙarshe suka ce ba su da ikon tsare ni, ba kuma za su ce lafiyata ƙalau ba, za dai su riƙa lura da ni.

Na ce, "Wato ni ma rukunin kwatance."

Ina fita bakin titi sai ga siririyar nan da gudu, ido ya yi ja. Ta ce, "Inna, don girman Allah kada ki wanke mayafin nan. Wataƙila a iya kwaso wani abu daga zaren. Babu wata a duniya sai ita."

Na ce, "Babu wata?"

"Babu, Inna."

Na ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Gwiwar ɗana ma ta dama guda ɗaya ce."

Yanzu mayafin yana cikin leda, ledar tana cikin akwati, makullin yana ƙuguna. Shugaban da ba a gani sai ga direbansa a ƙofata, wai a gaishe da Hajiya, a kuma karɓo saƙo. Na ce a gaishe da Shugaba, a ce masa mayafina yana rukunin kwatance, kallonsa kawai ake yi.

To, ranka ya daɗe, ga magana a fili. An kusa fara wasa, Katanga yana dogara sanda, matarsa ta kusa sauka. Ka fito da kanka, ba direba ba, ba kwamfuta ba, ka tsaya a gaban yaron nan ka faɗa masa wa ya yarda a bar shi da ciwo don a ji daɗin awo, sannan ka sa a kama gwiwar nan da magani. Na riga na sayi sabulu, kuma ni ba na tara wanki.