Ramar da Na Shuka a Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da damunar da na rasa Rahila ba. Kuma ba wani ne ya ƙwace mini ita ba, ni ne na yi wa kaina da hannuna da iya-yina.

A shekarun saba'in ne, yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba. Ina sabon malamin firamare a Zonkwa, ga gajeren wando mai kari, ga doguwar safa, ga girman kai da ya fi ƙarfin wuyana. Rahila 'yar Baba Ayuba ce, dattijon ikilisiya a Madakiya, mutumin da in ya yi gyaran murya a majami'a kowa sai ya gyara zama. An kai gaisuwa, an karɓa. Saura noman surukai, domin a wurinmu mai neman yarinya sai ya tara abokansa su je su yi wa ubanta huɗa, a ga irin ƙashin da ke jikinsa.

Na je. Kafin rana ta yi zafi tafin hannuna ya yi bororo, samari sun bar ni can baya, matan da suka kawo kunu suna ta ƙunshe dariya. (Alli na sani, ni da garma kuwa sai dai gaisuwa daga nesa.) Baba Ayuba ya matso kusa da ni. Ya dubi hannuna, ya dubi sama.

Abin ya ci mini rai. Na ce tunda ƙarfi ya ƙi, bari in nuna musu ilimi. Na roƙi Baba ɗan fili a bayan gida, tsakanin rumbun acca da shingen ƙerana, in yi masa lambun zamani. Ya ce, "Ticha, ga wuri nan, yi abin da kake so."

A nan Bulus ya shigo labarin. Ɗan kawuna ne, ya dawo daga yaƙi da akwatin ƙarfe, da jajayen idanu, da dariyar da ba ta jiran dalili. (Yanzu da nake faɗa, ni ma na ji yadda abin yake.) Ya miƙo mini iri a cikin gwangwani, ya ce, "Rama ne na Kudu, ɗan'uwa, ba irin namu ba. In ya nuna, rabi nawa." Ya ce da zarar ta fara fure in shimfiɗa mata raga a bisa, in riƙa lanƙwasa kawunan a ƙarƙashi don rana ta sami kowane reshe. Bai gaya mini ɗayan dalilin ba, wato kada ta leƙo ta kan shinge mutanen hanya su gan ta.

Ta tsira kuwa, shar da ita, ganye mai yatsu sak na rama. Na ɗauko tsohuwar ragar wasan ƙwallo daga siton makaranta, na kafa sanduna, na ɗaure. Kowace Asabar ina kan keke zuwa Madakiya. In durƙusa, in kama reshe a hankali kamar hannun jariri, in cusa shi a ƙarƙashin raga, Rahila tana riƙe mini igiya tana kallona kamar wani likita. Mamanta ta zo tsinkar ganye za ta sa a gwate, na tare ta da hannu biyu.

"Mama, a bari ta gama fure tukuna."

Ta ce, "Ticha, wannan rama naka wari ne da shi fa."

Na ce, "Ƙamshin zamani ne, Mama." Wallahi haka na ce mata.

Ranar da za a sa ranar aure, bayan an tashi daga sujada, Baba ya tara Fasto da dattawa a gidansa. Har Kawu Yohanna, ƙanen maman Rahila, sajan na 'yan sanda a Kafanchan, ya zo. An ci, an sha, an yi addu'a, magana tana tafiya lafiya lau. Babu wanda ya tambaye ni komai. Ni ne na miƙe, na kakkaɓe wando, na ce, "Iyayena, kafin a watse, ku zo ku ga abin da ilimi yake yi da ƙasa."

Suka biyo ni a jere. Na tsaya a bakin raga na buɗe darasi, na yi bayanin rana, na yi bayanin iska, har na tsinko kan reshe ɗaya mai danƙo na sa wa Fasto a hannu, na ce ya sansana albarkar Ubangiji. Bawan Allah ya sansana.

Kawu Yohanna ya murza ganye a yatsa, ya kai hanci. Fuskarsa ta canja.

"Wa ya shuka wannan?"

Na turo ƙirji na ce, "Ni ne, Kawu!"

"Wiwi ne."

Fasto ya yar da reshen kamar ya kama garwashi. Ni kuwa na ja da baya daga ragar, don a lokacin ko yaro ya san wanda aka kama da shukar nan sai ya tsufa a kurkuku. Sai na ji muryar Baba Ayuba a bayana.

"Yohanna, gidan nan nawa ne. Abin da ya tsira a cikinsa nawa ne. Yaron nan baƙo ne."

Aka tuttuge shukokin nan take. Wani dattijo ya ce a kawo wuta, Kawu ya daka masa tsawa, "So kake dukan Madakiya su bugu?" A masai aka zuba su. Bulus kuwa, da labari ya kai masa, sai aka wayi gari ya tafi neman aiki Jos.

Kawu ya rufe bakinsa saboda 'yar'uwarsa, amma ikilisiya ba ta rufe nata ba. Aka sa Baba a ƙarƙashin horo. Aka sauke shi daga kujerar dattawa, ya koma bencin baya, inda waɗanda aka kama da burkutu suke zama. Ya aiko mini cewa kada in ce komai, kada ma in zo, don in na buɗe baki aikina ya tafi. Na yi biyayya. Kai, ban taɓa yin biyayya da sauri irin ta ranar ba, har da ajiyar zuciya. Na ci gaba da sujadata a Zonkwa, a bencin gaba, ina rera waƙa da ƙarfi.

Da ƙura ta lafa na sa sabuwar riga na tafi Madakiya. Rahila ta tare ni a hanyar rafi, ba ta ko sauke tulunta ba. Na fara rantsuwa cewa ban san ganyen ba, ta katse ni.

"Na san ba ka sani ba, Ticha. Kowa ya san ba ka san komai ba. Amma kowace Lahadi ina juyawa in ga Baba a baya shi kaɗai. Na yi ta jira ka shigo ka zauna kusa da shi."

Ta wuce abinta, kuma maganar aure ta mutu daga nan. Har yau in na tuna, zuciyata takan yi mini zafi. Abin da na koya kuwa, a makare, shi ne: in babba ya ɗauki laifinka ya ce ka yi zamanka, ka gode masa, sannan ka ƙi jin maganarsa.