Rasuwar Rediyon Gidan Alhaji Rabe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har wuya, Malam Ilu na gidan Alhaji Rabe mai hatsi, Dutsin-Ma, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar rediyonsu mai cin kaset biyu, wanda ya zo daga Makka cikin jakar Alhaji, ya kuma cika ranar Talata bayan la'asar.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya sha rayuwa da mataccen batir da aka shanya a rana, bai taɓa ƙorafi ba. Yana da baiwar kwafe murya daga wannan kaset zuwa wancan, sai dai ba kowa aka yarje wa ba. Tun ranar da yara suka ɗauki kukan akuya a kan kaset ɗin wa'azi, Alhaji ya zare jan maɓallin ɗauka, ya ɗaure shi a jikin makullan shago. Kowa na iya kunnawa ya ji, ɗauka kuwa sai mai gida.

Ilu, ƙanen Alhaji, kaset ɗaya gare shi a duniya: saƙon da mahaifiyarsu Gogo, Allah ya jiƙanta, ta aiko daga Wurma a daminarta ta ƙarshe. Da ya ga kaset ɗin na tsufa, ya roƙi aron maɓallin ya kwafe. Alhaji ba mugu ba ne, kullum dai cewa yake sai ya dawo daga kasuwar Kurfi. Kasuwa ta ci ta watse, ta sake ci. Ilu bai matsa ba, don duk sanda ya kunna, abin da marigayin ke faɗa masa ke nan da muryar Gogo: "Ilu, kana cin abinci kuwa? Ban da gardama da yayanka."

Ciwon ajalin ya fara da jan murya, Gogo ta koma magana kamar mai gyangyaɗi. Ranar Talata ya yi ƙiii, ya yi ƙas, ya haɗiye zaren kaset ɗin Gogo. Enoch mai gyara ya buɗe cikinsa, ya zaro abin da ya saura a tsittsinke, ya girgiza kai. Ko a zaman makokin Gogo Ilu bai yi kukan da ya yi a shagon Enoch ba.

Marigayin ya bar batir huɗu, da mayafinsa na leshi, da sabon kaset ɗin da Ilu ya saya tun bara, har yau a ledarsa.

Za a naɗe shi gobe da hantsi, a kwantar da shi ƙarƙashin gadon Ilu. Karɓar gaisuwa a zaure. Ana roƙon masu zuwa kada su tambayi Alhaji komai. Jiya da hannunsa ya kwance jan maɓallin, ya mayar wa marigayin a gurbinsa, ya zauna kusa da ƙanensa ya kasa ɗaga kai. Da maɓallin za a rufe shi.