Sandar da Ba Ta Taɓa Ƙasa a Gaban Mutane

"Salamu alaikum! Ekaro o, mutan gida. Ina tsohon nan, ko ya sake ɓuya a bayan labule?"

"Wa alaikis salam. Wace ce wannan mai murya kamar kwandastan tashar Ojoo? Au, amarya ce. Shigo, amma ki bar Yarabancin a ƙofa tare da takalmanki."

Muhibbat ke nan, 'yar yayana Iliyasu, ta faɗo gidanmu na Sabo, a nan Badun, da hantsin Litinin tana jan kaya kamar mai ƙaura. Wanda take nema mahaifina ne, Alhaji Babandi, kakanta, mai shekara tamanin da biyu. Ranar Asabar za a rantsar da ita a jami'a a matsayin likitar motsa gaɓoɓi, ita ce ta farko a zuriyarmu da ta kai nan. Mun ɗinka anko, mun kama bas biyu, har ƙawayen uwarta na Mokola sun yi shiri. Sai Baba ya ce shi ba za shi ba, wai mura yake yi.

Mura dai an ɗora mata laifi ne kawai. Ƙafarsa ta hagu ce ta yi rauni, kuma daga inda mota ke tsayawa zuwa ɗakin taron tafiya ce mai ɗan tsawo, ga hawa. Yana da sanda, wadda ya yi korar shanu da ita daga Arewa tun yana saurayi, tana kuma riƙe shi sarai muddin ba mai kallo. Amma da ya hango wanda ya sani, sai ya ɗaga ta daga ƙasa ya giciye ta a kafaɗa, ya rataya hannuwa a kai irin na masu kora, don kada a ce dogarawa yake yi. To a Sabo wa ne bai sani ba? Watan jiya a wani suna a Akinyele ya yi haka a gaban tsofaffin abokansa na kara, wato kasuwar shanu, ƙafar ta lanƙwashe, ya zube a tsakiyar taro. Tun ranar bai sake fita ba. Raina ya ɓaci matuƙa, amma ni 'yarsa ce, bakina ba zai iya faɗa masa ba, haka ma Iliyasu. Jika ce kaɗai ke da wannan bakin.

"Na ji an ce mura ta kama angona," in ji ta, ta zauna a bakin tabarmarsa.

"Mai tsanani kuwa."

"Yi tari in ji."

Ya yi wani ɗan tari da ko kaza ba zai kora ba.

"Pele o, sannu! Wannan mura akwai ta da hankali. Ranar Idi ta zo, ranar walima ta zo, amma jiya da Gwaggo ta kawo tsire sai ta tafi hutu."

"Tsire magani ne, 'yar amala. Ina za ki sani, ku da kuka girma da miya mai zamewa kafin a kai baki?"

"Miyar nan ce dai ka sha kwano biyu a gidanmu, har kana tambayar ko akwai saura."

"Taimakon uwarki na yi, kada ta ji kunya."

"To yau ni zan taimake ka. Na zo da kaya uku daga shagon kayan asibiti na Mokola, an ba ni ka gwada ka zaɓi ɗaya."

"Na me?"

"Na ƙafa."

Baba ya gyara zama, ya miƙe ƙafar dama, mai lafiyar, ya buga mata tafi.

"Ke yarinya, ƙafar nan da kike gani ta tako daga Zariya zuwa Badun sau goma sha ɗaya, da shanu ɗari a gabanta. Ta tsallake gadar Jabba, ta ratsa Ilori da Ogbomosho. Ubanki ma ba a san za a haife shi ba."

"Bara ka ce sau tara ne."

"Na tuna biyu."

"Baɗi kuma za ka ce daga Makka ka koro su. Kuma ba wannan nake nufi ba, ɗayar da ka ɓoye a ƙarƙashin riga."

Ta tashi ta buɗe keken guragu, sabo fil, ta tura shi gabansa. Baba ya dube shi sheƙeƙe.

"Wa zai zauna a nan?"

"Kai mana. Babana ya tura."

"Wato ni ina gaba, Iliyasu yana baya yana korata? Ni? Shekara nawa ina kora, ban taɓa zama abin kora ba. Saura ki ɗaura mini igiya a hanci ki kai ni kara a yi mini farashi."

"Wa zai taya? Ba haƙora, ba tozo, sai surutu."

"Haƙori huɗu gare ni, kuma kowanne ya fi ki shekaru."

"Shi ke nan, na janye. Dama ƙafarka tana da sauran aiki, in na zaunar da kai yanzu ita ma zama za ta yi. Ga na biyu."

Sanda ce ta ƙarfe mai ƙafa huɗu a ƙasa. Baba ya juya ta, ya leƙa gindinta.

"Wannan sanda ce, ko kujerar tsakar gida aka yi wa wuya?"

"Riƙe ta dai a hannun dama, tunda hagun ce mai ƙiwuya. Oya, tashi."

Ya tashi da ƙyar yana cewa tabarmar ce ta riƙe masa riga. Ya yi taku shida a tsakar gida, wallahi tsaf, har na fara murna. Sai ga sallama daga zaure, muryar maƙwabcinmu Malam Aminullahi, ya zo gaisuwa. Kafin in ƙifta ido hannun Baba ya ɗaga sandar sama zai giciye ta a kafaɗa. Ƙafafun huɗu suka kwashe hularsa, suka harɗe igiyar shanya, shi kuma ya yi tangal-tangal. Na yar da tsintsiya na tare shi ta baya. Malam Aminullahi mutum ne mai kunya, da ya ji hayaniya sai ya ce zai dawo.

Muka zaunar da shi. Muhibbat ta ɗauko hular ta kaɗe, ta ɗora masa a ka, a karkace da gangan.

"Ka gani ko? Ba ƙafarka ce ta kayar da kai a Akinyele ba, tsoho. Kafaɗarka ce. Duk sandar da aka ba ka, da ka ji sallama sai ta hau sama. Sanda ba ta riƙe mutum daga can."

Ba wanda ya taɓa ambaton Akinyele a gabansa sai yau. Baba ya dubi tafin hannunsa.

"Mutanen nan a tsaye suka san ni," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Yaran da na koya wa riƙon igiya su suka ɗaga ni daga ƙasa. Kina so in je jami'a in maimaita, a gaban malamanki? A ce wancan da ya zube kakan likita ne?"

"Ka tuna kana ɗaukata zuwa kara ina ƙarama?" in ji ta. "Ka ɗora ni a kan katanga ka ce in nuna maka saniyar da ke ɗingishi tun daga nesa. Ka ce kada in kalli ƙafa, in kalli yadda kai ke sunkuyawa."

"Kin iya kuwa. Kin fi dillalai uku."

"To da wannan idon na ci jarrabawa. Malamina ya tambaye ni inda na koyi kallon tafiya, na ce wurin wani tsoho mai taurin kai a Sabo. Kowane ɗalibi an ba shi kujera biyu a sahun gaba. Ɗaya ta Mama ce, ɗayar Babana ya bar maka, na riga na ba da sunanka. In ba ka zo ba haka za ta zauna ba kowa. Kowa ya gani, amarya ta ci ado, ango ya gudu saboda tarin ƙarya."

"Ni ban taɓa gudu ba."

"Gaskiya ne, yanzu ko ka so ba ka iyawa."

Dariya ta kuɓuce masa duk da yana son danne ta. Ya ce ta kawo na ukun a gama da shi.

Na ukun wani abin turawa ne mai taya huɗu, da mariƙi biyu masu birki irin na keke, da ɗan wurin zama a tsakiya, da kwando a ƙasa. Ta ce a asibiti woka suke ce masa.

"Amalanken 'yan lemo kika kawo mini? Sai in riƙa zagaya Sabo ina cewa a sayi ayaba."

"Da ka yi ciniki, da wannan bakin. Abeg, tsaya ka duba da kyau. In kana tafiya da shi, wa ke gaba?"

"Shi."

"Wa ke baya?"

Baba ya kalle ta, ya kalli abin.

"Ƙafa huɗu gare shi," in ji ta, "ƙaho biyu, yana gaba kana baya. Ka ce ya tafi ya tafi, ka ce ya tsaya ya tsaya. Ni ban ga abin da ya canza a sana'arka ba. Kuma in ka iya giciye wannan a kafaɗa, ni zan bar likitanci in koma tallan goro."

Ya jawo shi kusa. Sai na ga Baban da na sani ina yarinya ya dawo. Ya danna wurin zaman da tafin hannu yadda yake danna bayan sa, ya ɗaga tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana duba su kamar kofato, ya matse birkin, ya girgiza mariƙan.

"Ba ya harbi?"

"Sai in ka zauna ba ka kulle birki ba. Nan ne zai tafi ya bar ka a ƙasa."

"Duk maraƙi haka yake. Ƙahon ya yi gajere."

Ta miƙar da Baba tsaye, ta sa ya saki hannuwa, ta ɗaga mariƙan har suka zo daidai wuyan hannunsa. Ya kama, ya tura. Ya kai bakin rijiya ya dawo, ya sake komawa, bayansa a miƙe yadda na daɗe ban gani ba. A zagaye na uku ya kulle birki da kansa, ya juya ya zauna, ya harɗe hannuwa a ƙirji.

"Sau goma sha uku na zo Badun a ƙasa," in ji shi, "ban taɓa samun wani sa da ya yarda in zauna a kansa ba."

"Sha ɗaya ne ɗazu."

"Rufe mini baki, likita. In mutanen kara suka yi dariya fa?"

"Sai ka ce me?"

"Sai in ce wanda jikarsa ta zama likita ya fito mu gwada. Babu ko ɗaya. Jikokinsu duk sai danna waya." Ya juyo gare ni. "Saudat, ina ankon nan nawa? A goge shi. Kuma miƙo mini sandata."

Na ɗauko ta daga jikin bango, na zaci za a koma gidan jiya. Sanda ce da ta yi baƙi ta yi santsi saboda gumin hannu, ko mu 'ya'yansa bai taɓa bari mu yi wasa da ita ba. Ya shafa ta tun daga kai har gindi, sannan ya miƙa wa Muhibbat da hannu biyu.

"Karɓi. In tana gidan nan zan ɗauka, in na ɗauka kuma kin san inda za ta hau. Ki kafa ta a ofishinki, duk tsohon da ya yi miki gardama ki nuna masa ita, ki ce mai ita ya fi shi taurin kai kuma kin iya da shi."

Muhibbat ta karɓi sandar. Idanunta suka ciko, nawa ma haka, sai na kama gyara igiyar shanyar da ta tsinke. Ta share fuska da gefen mayafi, ta giciye sandar a kafaɗarta, ta rataya hannuwa a kai sak yadda yake yi, ta nufi zaure tana taku ɗai-ɗai.

"To ango, biyo ni, mu je mu gai da Malam Aminullahi. A gan ka a titi tun yau."

Baba ya saki birki, ya miƙe, ya tura abinsa ya bi bayanta yana ƙyalƙyala dariya.

"Saudat, buɗe ƙofar duka! Ki gaya wa mutanen Sabo Babandi ya dawo kora. Garken dai ya ragu, sa ɗaya na ƙarfe da karsana ɗaya mai bakin tsiya, amma duk kara ba mai irinta."