Giwar Maharazu Ta Sha Ruwa

Duk Illela, daga bakin kasuwa har hanyar Ƙonni, babu masanin tufa kamar Maharazu. Shi ya faɗa da bakinsa, maƙwabta kuma ba su musa ba, don wanda ya musa sai la'asar ta same shi a tsaye.

Tun da Nasara suka buɗe kanti a Sakkwato, akoko yake zuwa bandir-bandir, kowanne da tambarin shuni a bakinsa. Maharazu ya zaɓi mai giwa, ya riƙe shi kamar gadon uba. Mai zakara na 'yan ƙauye ne. Na ƙasar Faransi ko kallo bai ishe shi ba. Saƙin hannu na garin Araba kuwa, wanda kakansa ya tsufa a ciki, ya ce sai dai a yi wa jaki akumari.

Kowa in ya sayi akoko, maɗinki yakan yanke tambarin ya yar. Ban da gwaninmu. Shi a tsakiyar bayan riga ya sa aka ɗinka masa, don na baya su ƙaru da ilimi. Nan ya samu sunan Giwa-a-Baya. Ya kuma hana a wanke rigar, kada giwa ta gudu. Wata biyar tana shan gumi, har a masallaci sahunsa ya fi na kowa yalwa.

Matarsa Raliya ta taɓa wanke ƙyallen da ya ragu, sitaci ya fita, abin ya koma kamar rariya. Da ta nuna masa, ya ce, "Mi mace ta sani ga tuhwa? Giwa ba ta ƙarya."

Ana nan sai labari ya zo, akawun kanti zai zo ran kasuwa ya zaɓi dillali ɗaya a Illela. Masu nema biyu ne, Maharazu da Dabo, wani mai shiru-shiru da ke yawo da tsohon saƙi. Maharazu har ya fara karɓar barka.

Ran kasuwa ya hau turmi gaban akawu, ya juya wa jama'a baya don su ga giwa.

"Ku duba da kyau, jama'a! Wanga tuhwa sai ya binne jikokinku. Ni ka faɗi, ni Maharazu!"

Bai sauko ba hadarin farkon damina ya taso daga wajen Tozai. Kowa ya ruga rumfa. Shi kam ya ce mai giwa ba ya gudun ruwa, ya tsaya. Sitaci ya bi ƙafafunsa fari fat kamar kunu. Giwa ta narke, ta gangara har gindin riga. Rigar ta manne, ta zama sharara, har wata mai fura ta ƙirga facin wandonsa ta samu huɗu. Iska ta kaɗa, an ga abin da kaza ke ɓoyewa.

Gani ya kori ji. Tun daga ranar kasuwar mai giwa ta mutu a Illela. Akawu ya kakkaɓe lemarsa, ya ba Dabo dillanci, ya roƙi Maharazu don Allah ya daina yi wa kanti talla.

Kasuwa ta gaba, bandir goma na mai giwa suna jibge gaban Dabo, ƙuda na hutawa a kai. Mutum ɗaya tak ya zo saye. Ya ce a yanko masa ta wajen tambarin.