Ranar da na kawar da yunwa a gaban Kanal

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata ba, a shekarar da damina ta ƙi, sojoji kuma na riƙe da ƙasa. Ina ma'aikacin kwamfuta a wani biro, wato ofis, a unguwar Plateau ta babban birni, inda muke tattara rahoton ƙauyukan da hatsinsu ya ƙare. Ƙauyen da ke cikin matsi ja yake fitowa a taswira, da haka ake tura motocin agaji.

A satin nan na yi wani gyara da nake taƙama da shi: na haɗa babbar kwamfutarmu da akwatin rezo, wanda rahoto ke shigo mana ta cikinsa, a makunni guda, na kuma sa ta riƙa tashi da sauri. (Ba wanda ya sa ni. Zaman banza ne ba na iyawa.)

Wani Kanal ya zo duba aikinmu kafin motoci su tashi. Yana zama, wuta ta ɗauke. Aka tada janareta, kwamfuta ta tashi nan take, taswira ta fito fara tas. Ko ɗigon ja babu.

Kanal ya duba, ya dube ni. "Wato kowa ya ƙoshi ke nan?"

"Ranka ya daɗe, yanzu zai gyaru."

Na kashe makunnin, na kunna. Fara. Na sake. Fara. Sau huɗu ina yi, gumi na bin bayana, daraktanmu na taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, direbobi na ta oda a waje. Har na fara ɗora laifin a kan ma'aikatanmu na jihohi, wai ba su aiko rahoto ba. (Allah ya yafe mini wannan.)

Sai Madam Rahila, sakatariyarmu, 'yar Dogonduci da ta kusa haifata, ta ɗago daga tebur ɗinta.

"Ɗana, cire hannunka daga makunnin nan. Akwatin rezo minti uku yake yi kafin fitilunsa su tsaya. Ita kuwa kwamfutarka tana tashi ta nemi rahoto, ba ta samu hanya ba, ta haƙura. Ni kullum shi nake fara kunnawa, in share tebur, sannan in kunna ta."

Ashe duk kashewar da nake yi, har akwatin nake mayarwa farko.

Muka tsaya minti uku muna kallon fitilu. Ta kashe kwamfutar kaɗai ta maɓallin jikinta, ta sake kunnawa, taswira ta cika da ja. Ban taɓa jin daɗin ganin mugun labari irin na ranar ba, kuma na ji kunyar jin daɗin.

Da Kanal zai fita, ya tambayi darakta, "Cikin biyun nan, wa kuka ce ya yi karatun na'ura?"

Washegari na sa wa kwamfutar umarni ta jira rezo kafin ta fara aiki. Layi ɗaya ne kacal. Ni kuwa har yau ina neman wanda zai rubuta mini irinsa, in koyi jira.