Huda Tara a Farantin Iya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na nuna wa dangi gwanintata ta noma ba, ko da yake kullum addu'ata Allah ya mantar da ni.

Ni malamin aikin gona ne a wata sakandare (a kan allo nake noman, rabona da fartanya har na manta). Gidanmu yana Madabo, tsakar gidan duk siminti, babu inda za a tsuguna a yi shuka. Umma, mahaifiyata, tana fama da hawan jini. Sai na ji ana cewa bitirut, jan kayan lambun nan da mata ke jefawa a zoɓo, yana taimakawa, kuma ba sai an jira ya girma ba, tsironsa ake yanka a ci tun yana ɗan sati biyu. Nan take na naɗa kaina likita.

Na samo iri na jiƙa, na tankaɗe ƙasa na cakuɗa da taki. Saura mazubi mai faɗi marar zurfi. Umma ta tafi unguwa, sai na leƙa ƙarƙashin gadonta na jawo wani tsohon farantin ƙarfe mai zanen furanni, fentinsa duk ya ɓaɓɓalle. Na ce a raina wannan ai ya gama aikinsa a duniya. Ilimi ya ce kada ruwa ya kwanta wa saiwa, don haka na ɗauko ƙusa da guduma na yi masa huda tara, a jere, har da awo.

A saman soro na aje shi, ina yayyafa ruwa safe da yamma. Gaskiya shuka ta yi kyau, jan kara siriri, ganye kore shar. Kaina ya fasu.

Ranar da ya isa yanka, Inna Rabi, ƙanwar Umma, ta zo daga Gwammaja da mata biyu. Na ce ga 'yan kallo Allah ya kawo. Na sauko da faranti, da almakashi, da dakakken ƙuli da lemon tsami, na durƙusa a gabansu ina yanka ina haɗa kwaɗo, ina lacca kan jini da jijiya. Umma ba ta lura da farantin ba, ganye ya rufe shi.

Inna Rabi ta katse ni, ta juya ga Umma. "Yaya, ba zama ya kawo mu ba. Gobe ake sa ranar 'yata Maryam, farantin Iya muka zo ɗauka a zuba goro da alawa."

Iya kakarmu ce, ta daɗe da rasuwa. Ashe a farantinta ake karɓar goron duk 'yar da za a aurar a zuriyar, tun daga kan Umma. (Ni namiji, ina zan sani? Cin alawar kawai na iya.)

Umma ta shiga ɗaki. Muna jin ƙarar kwanuka, ta daɗe. Ni kuwa ruwa na ɗiga daga farantina a kan tabarma, Inna Rabi ta ƙura wa furannin gefensa ido.

"Kai, ɗaga wannan abin sama."

Na ɗaga. Fararen saiwoyi suna leƙowa ta kowace huda. Ta saki salati, matan suka amsa, daidai lokacin da Umma ta fito hannu babu komai. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Da Umma ta zage ni, da na samu sauƙi. Kallon farantin ta yi, ta shafa bakinsa da yatsa, ta ce, "Ƙyale shi, Rabi. Magani yake yi mini." Ta jawo kwaɗon ta cinye tas, duk da ƙanshin ƙasar da yake yi, idonta cike da hawaye. Farantin nan kaɗai ne abin da ta gada daga uwarta.

Na kai wa mai walda a Ƙofar Mazugal, ya toshe hudojin, amma wuta ta cinye furannin tsakiya. A farantin roba aka karɓi goron Maryam.

Darasin da ba a koya mini a kwaleji ba shi ne, abin da tsohuwa ta tura can ƙuryar gado ba yar da shi ta yi ba, ɓoye shi ta yi daga masu ilimi irina.